A Auna Mace Kafin A Saya Mata Keke

 Yau a wannan fili namu zancen keke za mu yi, watau basukur ɗin nan da muka saba gani a hannun maza. Na san wasu za su ce, to mu ina ruwanmu da keke? Ai kuwa ruwanmu da shi ya fara yawa. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a 2023 kuɗin mota ya hau, iyaye da yawa suka shiga lissafin abin da suke kashewa kullum wajen kai yarinya makaranta da komo da ita. Ga kuma likitoci sun matsa mana da maganar hawan jini da ciwon sukari da ƙiba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kamata ya yi kowane baligi ya motsa jikinsa na aƙalla minti 150 a mako. Saboda haka wasu matan aure da 'yan makaranta sun fara sha'awar keke, har da siririn nan mara nauyi mai lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago, wanda ake kira keken titi ko keken tsere.

Ra'ayina a kan wannan guda ɗaya ne, kuma ba zan ɓoye shi ba. Kada a saya wa mace keke sai an auna ta. Wace ce a cikinmu za ta miƙa wa tela shadda mai tsada ta ce ya yanka ba tare da ya ɗauki awo ba? Amma keke, wanda kuɗinsa ya ninka na shaddar, sai maigida ya shiga kasuwa shi kaɗai, ya hau ya zaga, ya ji ya yi masa daɗi, ya biya ya turo gida. To, jama'a, wa aka saya wa keken nan? Shi aka saya wa. Uwargida ta hau kwana uku, wuya ya riƙe, yatsun hannu su yi sanyi kamar ba nata ba, gwiwa ta ɗauki ciwo, zama kuma ya gagara. Daga nan sai ta ce dama an faɗa keke ba na mata ba ne, a jingine shi a zaure har wani ƙanen miji ya zo ya ɗauke. Alhali kuwa ba jikinta ne da laifi ba, keken ne ba nata ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Na 'yan makaranta ma ya fi ban haushi. Mun saba ɗinka wa yarinya kayan makaranta da girma domin ta daɗe tana sawa, sai uba ya ɗauki wannan dabara ya kai ta kan keke, ya ce a kawo babba, za ta girma ta same shi. Riga in ta yi yawa ana naɗe hannu. Keke in ya yi yawa, yarinya ba ta isa birki da kyau, ba ta iya sa ƙafa ƙasa da sauri sa'ad da ɗan acaɓa ya yanko gabanta, kuma a kan titi ake wannan, ba a tsakar gida ba. Bugu da ƙari, yawancin 'yan mata tsawonsu kan tsaya wajen shekara 15 ko 16. Yarinyar da ke ajin ƙarshe na sakandare, in keke ya fi ta yau, to ya fi ta ke nan har abada.

Kafin mu shiga awo, bari in tare wani hanzari. Ba kowace mace ce keken titi ya dace da ita ba. An ƙera shi ne domin tafiya mai nisa da sauri a kan kwalta. Yawancinsu ba su da kariya ta ɗora kaya, ba su da murfin sarƙa, ba su da abin tare taɓo, kuma mai hawa a ɗan sunkuye take zama. Wadda ke so ta je kasuwa ta ɗauko cefane, ko wadda hanyar makarantarsu rairayi ne da kwazazzabai, ta nemi keken matan nan da muka sani, mara sanda a tsakiya, mai faɗin taya, ta huta. Amma wadda ke da kwalta mai kyau kusa, tana so ta yi kilomita 10 ko 20 da sassafe domin lafiyarta, ko yarinyar da ke da burin shiga tsere, ita nake yi wa magana.

Kuma kada a ɗauka burin tseren nan tatsuniya ce. A wasannin Olamfik na Los Angeles a 1984 aka fara bai wa mata damar tseren keke a kan titi a gasar Olamfik. A na Paris a 2024 Ese Ukpeseraye ta wakilci Nijeriya. A 2025 Kim Le Court, mutuniyar tsibirin Morishiyos, ta ci zango guda a babban tseren mata na Faransa, ta kuma sa rigar nan rawaya ta wadda ke kan gaba, abin da wata 'yar Afirka ba ta taɓa yi ba kafin ta. A watan Satumba na shekarar kuma aka yi gasar duniya ta tseren keke a Kigali ta ƙasar Ruwanda, karo na farko a nahiyarmu.

Matsalar keken da bai dace da mace ba tsohuwa ce. A 1894 wata matar aure mai 'ya'ya uku da aka fi sani da Annie Londonderry ta tashi daga Boston ta Amurka da niyyar zaga duniya. Keken da ta fara da shi na mata ne mai nauyin kusan kilo 19, ga doguwar riga. Da ta kai Chicago a galabaice sai ta canja shi da wani wanda nauyinsa bai wuce rabin wancan ba, ta canja tufafi, sa'an nan tafiya ta miƙe, ta kammala a 1895. Gaskiya ne jirgin ruwa da na ƙasa sun ɗauke mata wani babban yanki na hanyar, amma wannan bai shafi abin da nake so mu lura da shi ba: mace ɗaya ce, ƙafafun nan nata ne, keken kawai aka sauya. Bayan shekara 90, a 1985, wata injiniya Ba'amurkiya, Georgena Terry, ta kafa kamfanin ƙera kekuna domin mata, har takan sa ƙaramar taya mai inci 24 a gaba domin gajerun mata su isa kan keke ba tare da sun miƙe kamar masu shanya ba.

Daga baya manyan kamfanoni suka ga akwai ciniki, kowa ya fito da nasa "keken mata". Dalilin da suka riƙa bayarwa shi ne wai mata dogayen ƙafafu gare su da gajeren gangar jiki. Wasu sun yi aikin da gaske, wasu kuwa ɗan rage keken maza kawai suka yi, suka shafa masa fenti ruwan hoda da 'yan furanni. A 2019 kamfanin Specialized ya daina raba firam na maza da na mata, ya ce awon dubban mahaya da ya tara bai nuna wannan bambancin ba. Kamfanin Liv kuwa, wanda reshen Giant ne, ya tsaya a kan ƙera wa mata nasu daban. To, tun da masu ƙerawa ma ba su daidaita ba, ni a ganina kada 'yar'uwa ta wahalar da kanta da wannan gardama. Sunan da aka rubuta a jiki da launin fenti ba su ne za su ɗauke ki ba. In keken da aka ce na maza ne ya yi daidai da ke, naki ne. In wanda aka ce na mata ne ya fi ƙarfinki, bar musu abinsu ko da kuwa launinsa ya dace da gyalenki.

Yanzu ga yadda ake awon, kuma a cikin ɗakinki za ki yi shi. Ki samu tef irin na tela, da littafi mai kauri, da wata 'yar'uwa da za ta taimake ki. Ki cire takalmi, ki sa wando mara kauri, ki jingina bayanki da bango, ki ɗan buɗe ƙafa kamar taƙi guda. Ki sa littafin a tsakanin cinyoyinki, bayansa na kallon sama, ki ja shi sama sosai har ki ji ya tokare kamar yadda sirdi zai tokare. Kada kunya ta sa ki yi sako-sako da shi, domin santimita 2 a nan ba ƙaramin abu ba ne. Sai a auna daga saman littafin zuwa ƙasa. A yi sau uku a ga ko lambar ta tsaya wuri ɗaya. Wannan lamba ita ce tsawon ƙafarki ta ciki, kuma ta fi tsawonki na tsaye amfani, domin mata biyu na iya zama tsawo ɗaya amma ƙafar wata ta fi ta wata.

Girman firam ɗin keken titi wajen kashi biyu cikin uku ne na wannan lamba. Watau wadda ta samu santimita 72, ta nemi firam 48. Mai 75 ta nemi 50, mai 78 ta nemi 52. Wasu kamfanoni ba sa rubuta lamba, sai haruffa kamar XS da S da M, kuma S na wannan kamfani ba lalle ya zama S na wancan ba, kamar dai yadda lambar takalmi ke yi mana. Saboda haka lissafin nan ƙofar shiga ce kawai. In kika faɗa tsakanin girma biyu, ɗauki ƙaramin. Ƙaramin keke ana iya ɗaga masa sirdi a ƙara masa tsawon wuya. Babba kuwa ba mai iya rage shi, ko da kuwa mai walda ya rantse miki zai iya.

Gwaji na farko in keke ya zo hannu shi ne ki tsaya a kansa, sandar tsakiya a tsakanin ƙafafunki, tafin ƙafa duka biyu a ƙasa. Tilas a samu rata ta aƙalla santimita 2 zuwa 5 tsakaninki da sandar. In ba rata, kada ki saurari wani bayani. Ranar da za ki diro daga sirdi ba shiri, sandar nan za ki faɗa wa, kuma duk mace ta san wurin da zai ji ciwo. Kekunan zamani da yawa sandarsu ta gangaro wajen sirdi, waɗannan sun fi ba da rata, sun kuma fi sauƙi ga mai doguwar riga.

Sai tsawon sirdi, inda kusan kowace sabuwar mahayiya ke tafka kuskure iri ɗaya. Saboda tsoron faɗuwa sai ta ce a sauke sirdi har ta iya dafa ƙasa da ƙafa biyu tana zaune. Wannan ya yi kyau a kwanakin koyo, amma in aka bar shi haka gwiwa ce za ta biya, ga gajiya ba dalili, kamar mai tafiya a tsugune. Hanya mai sauƙi ita ce ki hau, wani ya riƙe miki keken, ki ɗora dunduniyarki a kan feda sa'ad da take can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sak ba tare da kin karkata ƙugu ba, sirdi ya yi daidai, domin in kika mai da gaban tafin ƙafa kan feda, yadda ake tuƙi, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, abin da ake so ke nan. 'Yan makaranta masu son lissafi kuma ga naku: a ninka tsawon ƙafar ciki da 0.883, abin da ya fito shi ne nisa daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Mai santimita 75 za ta samu 66 da ɗan ɗoriya. Ana danganta wannan lissafi da Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci babban tseren Faransa a 1986 da 1989 da 1990. Bayan haka jikinki ne zai gaya miki saura. Ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ya yi ƙasa. Ciwo a bayan gwiwa, ko ki ji ƙugunki na rangaji dama da hagu, ya yi sama. A gyara da kaɗan-kaɗan, rabin santimita a lokaci guda. A duba kuma, a jikin ƙarfen da ke ɗauke da sirdi akwai layin da ba a yarda a zaro shi ya wuce ba.

Amma abin da ya fi korar mata daga keken titi ba tsawon sirdi ba ne, nisan kai ne. Ki hau ki ɗora hannuwanki a kan robar da ke saman birki, nan ne mazaunin hannu na kullum, ba can ƙasan ƙahon ba. Gwiwar hannunki ta kasance a ɗan lanƙwashe, kafaɗa a sake, ki iya ɗaga kai ki ga hanya ba tare da kin murɗe wuya ba. In kika ga hannu ya miƙe ƙam, ko kina ta ja da baya kina riƙe tsakiyar kan domin can ya yi miki nisa, to keken ya yi miki tsawo. Kada a ce za a magance wannan da turo sirdi gaba, yin haka jefa nauyinki yake a kan hannu da gwiwa. Abin da ake canjawa shi ne ɗan wuyan nan da ya haɗa kai da firam. Akwai mai santimita 7, da 8, da 9, har zuwa 12, kuma yawancinsu in aka kife su kan keke yakan ɗan ɗago. Sabuwar mahayiya ba ta da bukatar sunkuyon 'yan tsere. A ɗaga mata kai, in baya ya saba a sauke daga baya.

Faɗin kan ma abin dubawa ne. Kekuna da yawa sukan zo da kai mai faɗin santimita 42 ko 44, wanda aka yi domin ƙirjin namiji. Ki sa a auna tsakanin ƙasusuwan nan biyu na saman kafaɗunki, za ki ga mata da yawa 36 ko 38 ko 40 ne nasu. Sa'an nan birki. Wannan kam ba maganar jin daɗi ba ce, maganar rai ce. In yatsunki ba su kai ga kama hannun birki da kyau, ba ki da birki. Na zamani da yawa, irin na Shimano, suna da ɗan ƙaramin noti da ake juyawa a matso da hannun birki kusa, mai gyara zai yi shi cikin minti biyu in ya san da shi. Ki kuma tabbata wane hannu ne ke riƙe tayar gaba. Kekunan da suka fito daga Ingila birkin gaba a dama yake, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa a hagu. Wadda ta damƙe na gaba da ƙarfi tana zaton na baya ne, ta saman kai za ta sauka.

To, mu zo ga sirdi kansa, kuma tun da filin namu ne mu faɗi gaskiya. Mata da yawa sun bar keke saboda ciwon da kunya ta hana su faɗa wa kowa. Mutum a kan ƙasusuwa biyu yake zama, waɗanda kike ji in kin daɗe a kan benci. Su ne ya kamata su ɗauki nauyinki. A jikin mata, galibi, ratar da ke tsakaninsu ta fi ta maza. In sirdi ya yi siriri sai ƙasusuwan su zarce gefe, nauyin ya koma kan gaban mace, wuri mai taushi da ba a halitta shi domin ɗaukar kaya ba, daga nan sai zafi da kumburi da gogewa. Auna wannan ma ba wuya. Ki yanko kwali mai kauri, ki ɗora a kan dakali ko benci, ki zauna, ki ɗan sunkuyo gaba, ki ɗaga ƙafafu na ɗan lokaci. In kin tashi za ki ga ramuka biyu. Ki auna daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, ki ƙara wajen santimita 2, faɗin sirdinki ke nan. Wadda ta samu 13 ta nemi mai 15 ko 15 da rabi. Mai tsaga ko rami a tsakiya yakan taimaki mata da yawa, amma ba kowa ba, sai an gwada akan san na ƙwarai. A kuma ajiye shi a miƙe, hancin bai kalli sama ba, bai kuma zube ƙasa ba. Kada a ruɗe ki da ƙaton sirdi mai laushi kamar katifa. A minti goman farko daɗi gare shi, bayan nan ƙasusuwan su nutse, soson ya taso ya danne inda ake gudun a danne.

Gajerun mata, waɗanda ba su kai santimita 155 ba, su lura da abu biyu. Ƙarfen da feda ke maƙale da shi akwai dogo akwai gajere, mai milimita 165 ya fi musu mai 172 ko 175. Kuma a ƙaramin firam mai manyan tayoyi, yatsun ƙafa kan taɓa tayar gaba in an karya kwana a hankali. A gwada a gani kafin a biya.

Yawancinmu na hannu za mu saya, waɗanda ake shigowa da su daga Turai, kuma ba laifi, akwai nagari a cikinsu. Amma a nan ne aka fi cusa wa mace abin da ke akwai maimakon abin da take bukata, domin mai kaya ba ya cewa kayansa sun yi miki yawa. A duba firam a wajen haɗe-haɗe ko akwai tsaga ko lanƙwasa. A kwance noti a ga ko sirdi na hawa da sauka, domin wani ya yi tsatsa ya kafe, keken da sirdinsa ba ya motsi kuwa ba ya daidaituwa da kowa. Ni na fi son na ƙarfe ko na alminiyam ga mai farawa. Na kabon ba nauyi, amma yakan ɓoye rauni a ciki, in ya karye kuma ba aikin mai walda ba ne. Haka birkin roba mai kama bakin wili ya fi sauƙin gyara a wurinmu a kan na faifai mai aiki da mai. A nemi mai giya masu sauƙi saboda hawa, a kuma bar fedar nan mai kama takalmi sai an ƙware.

Maganar taya kuma, a yi hattara. Tayar keken titi ita ake rubuta wa 700C, kuma faɗin wilinta milimita 622 ne. Tayar tsohon basukur ɗinmu irin su Raleigh da Phoenix, mai inci 28, tata 635 ce. Abin ruɗarwa shi ne wasu tayoyin 700C ma 28 ake rubuta musu, saboda haka a duba lambar 622 a gefen taya, in ba haka ba a kawo miki wadda ba za ta zauna ba. Kafin a sayi keken ma a tambaya ko ana samun tayarsa da tib ɗinsa a garinku. Saboda ramukan titunanmu, mai faɗin milimita 28 ko 32 ta fi siririyar nan mai 23, in firam zai ɗauka. Bawul ɗinsa ma siriri ne, famfon mai faci ba ya kama shi sai da ɗan abin haɗi, ki saya ki ajiye, ko ki mallaki famfonki. Kada a wuce adadin iskar da aka rubuta a jikin taya, kuma mace mara nauyi ba ta bukatar a cika mata har iyaka.

Sutura ba ta hana keke, amma tana bukatar dabara. Keken titi ba shi da murfin sarƙa, saboda haka zane da dogon hijabi mai jan ƙasa da gyale mai kaɗawa haɗari ne, in suka shiga wili ko sarƙa ba sa ba da sanarwa. Riga zuwa gwiwa da wando, irin kayan makarantar 'yan mata, da hijabin da ya tsaya a ƙugu, sun wadatar, a ɗaure bakin wandon dama. Akwai gajeren wando mai soso da mahaya ke sawa, ana iya sa shi daga ciki ba wanda zai gani, a wanke shi bayan kowace fita. Hular kwano ma da awo ake sayenta: a zagaya tef a saman gira, kuma a auna da ɗankwali ko hijabin da za a riƙa sawa. Mai kitson shuku ta san hular ba za ta zauna ba, sai a yi wanda ya kwanta.

Na san akwai iyayen da ke cewa keke na ɓata yarinya ko yana hana haihuwa. Irin wannan magana an sha yin ta a Ingila da Amurka a shekarun 1890, har da wasu likitocin lokacin, mata suka ci gaba da hawa suna haihuwarsu. Wanda ya taɓa zuwa Wagadugu ta Burkina Faso ko Tamale ta arewacin Gana ya ga mata a kan keke da goyo a baya. Mai juna biyu dai, da wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, su tambayi likita ko ungozoma tukuna.

Saura yadda za a yi gwajin, tun da ba kowace matar aure ce za ta je ta hau keke a tsakiyar kasuwa maza na kallo ba. Ki rubuta wa maigida lambobinki a takarda: tsawonki, tsawon ƙafar ciki, faɗin kafaɗa, da faɗin sirdi. Ya tafi da tef a aljihunsa ya auna keken da kansa, kada ya dogara da bakin mai kaya. Sa'an nan, kafin ya biya, su yi sharaɗi a gaban shaida cewa za a kawo keken gida kwana biyu ko uku, in bai yi daidai ba a canja. Mai kayan da ya ƙi wannan sharaɗi, a wuce shi, kasuwa ba mutum ɗaya ba ce. In keke ya zo, a gwada shi a filin makaranta ko wani layi mara motoci bayan sallar asuba, kuma kada a yi zagaye ɗaya a ce ya yi, a yi minti 20 ko 30, domin ciwon wuya da na sirdi ba sa fitowa da wuri. Ɗan tsamin jiki da na mazauni a makon farko ba abin damuwa ba ne, yakan wuce. Amma hannu ko gaba ya mutu, ko gwiwa ta riƙa suka, wannan ba sabo ke maganinsa ba, a koma kan awo. In an samu daidai, a naɗa ɗan salatif a ƙarfen sirdi a wurin da ya tsaya, a kuma rubuta lambar a ajiye, domin ranar da yaran gida suka ɗauki keken suka sauke sirdi, ki san inda za ki mai da shi.